Yadda ake neman rasidansi idan kai mai zane ne ko marubuci

Wani ƙanena da ya gama karatun zane a ABU Zariya ne ya ishe ni da tambaya, wai yaya mene ne wannan rasidansin da nake ganin mutane suna ɗora hoto yau suna Dakar gobe suna Amstadam, shi ne na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani. Wata cibiya ce za ta karɓe ka ka zauna wajensu na wata ɗaya ko uku, wani wurin ma har shekara biyu, su ba ka ɗakin kwana da sitidiyo ka yi aikinka cikin mutanen da ba yarenku ɗaya ba, ba abincinku ɗaya ba. Ba makaranta ba ce, ba wanda zai ba ka jarabawa.

Ka fara da na kusa. Marubuta akwai Ebedi a garin Iseyin na jihar Oyo wanda Dakta Wale Okediran ya kafa a 2010, mota kawai za ka hau. Masu zane da sassaƙa akwai G.A.S. na Yinka Shonibare a Legas, suna ma da gidan gona kusa da Ijebu Ode. A Senegal akwai Black Rock da Kehinde Wiley ya buɗe a Dakar a 2019, ga kuma Thread can ƙauyen Sinthian. Manyan na Turai irin su Gasworks a Landan da Rijksakademie a Amstadam mai shekara biyu suna nan, amma gaskiya cunkoson masu nema ba kaɗan ba ne, gara ka je da ɗan tarihi a hannu. 'Yan uwanmu na Maradi da Damagaram ku da kuke jin Faransanci ku leƙa Cité internationale des arts a Paris. Wajen neman sanarwa kuwa shafukan intanet na Res Artis da TransArtists da On the Move sun ishe ka, ka riƙa dubawa ko sau ɗaya ne a sati.

Kafin ka cike komai ka nemo wa zai biya. Wannan fa shi ne inda ake cin mutane. Wasu su ne za su biya jirgi da masauki har su ba ka alawus, wasu ɗaki kawai za su ba ka sauran naka ne, wasu kuma kai ne za ka biya su haya kamar otal. Ni kaina na taɓa yin murna har na gaya wa mutanen gida an ɗauke ni wani wuri, sai da na karanta imel ɗin har ƙasa na ga kuɗin ɗaki na wata guda ya fi abin da nake samu a wata shida, wallahi haka na laƙume. Ba cuta ta suka yi ba, a rubuce yake tun farko, ni ne ɗoki ya hana ni karantawa.

Sai hotunan aikinka. Zaɓi kamar goma zuwa sha biyar da suka yi kama da aikin mutum ɗaya, kar ka zuba musu duk abin da ka taɓa yi tun aji ɗaya. Wayar hannu ma ta isa, ka goge gilashin kyamarar, ka jingina aikin a farin bango da safe a inuwa, kar ka kunna filasha, kuma don Allah a cire buta da takalmi daga gefen hoto. Ƙarƙashin kowanne ka sa suna da shekara da girmansa da abin da ka yi shi da shi. Kar ka tura wa kanka ta WhatsApp don yana matse hoto ya kashe kalar, ka haɗa su a PDF ɗaya.

Inda aka fi faɗuwa shi ne bayanin abin da za ka yi idan ka je. Yawancinmu sai mu rubuta ina son in ƙaru da ilimi in haɗu da manyan masu fasaha, to ai kowa ma haka ya rubuta. Su abin da suke son ji shi ne me ya sa sai garinsu, me ya sa yanzu. Misali kana aiki da yadi kana neman Holan, ka ce musu atamfar da ake bugawa a kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan ɗin ita ce iyayenmu ke saya a Kantin Kwari su sa a lefe, kana son ka bi sawunta daga can zuwa akwatin amarya, ka haɗa ta da rinin baba irin na Ƙofar Mata. Ka ga wannan ba wanda zai rubuta shi sai kai. Zayyanar allo, dukanci, saƙar hula, adon ginin ƙasa, abubuwan da muke rainawa su ne jarinka, amma fa ka faɗi tambayar da ke damunka a kansu, ba wai ka yi tallan al'ada ba. Turanci mai sauƙi ya wadatar, ka ba wani ya duba maka, kuma kar ka tura takarda ɗaya wuri biyar kana canza suna kawai, suna ganewa.

Ranar rufewa kar ka jira daren ƙarshe, ka san halin wuta da netwok. Za su ƙi ka sau da yawa, ka gyara ka sake turawa baɗi.

Idan an dace, fasfo ya zama yana da sauran rai sosai, ka nemi wasiƙar gayyata da ta faɗi ƙarara su wa ke ɗaukar nauyinka don ita ofishin jakadanci ke dubawa. Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta gajeren zama kwana 90 ce kuma sai da inshorar lafiya da za ta iya biyan kuɗin asibiti har Yuro 30,000, ɗan Najeriya kuwa ba ya buƙatar biza zuwa Senegal, katin rigakafin shawara dai ka riƙe shi. Ka gaya musu tun kana gida abin da ba ka ci da batun sallah da azumi, ba abin kunya ba ne. In sun ce za a buɗe sitidiyo baƙi su shigo ka nuna aikin ko bai ƙare ba, a nan ake samun gayyata ta gaba. Ka tafi da kayan aikin da ba za ka samu can ba da ɗan yajinka, amma kilishi ka bar shi a gida, Turai ba sa barin a shiga da nama, a filin jirgi za su karɓe.