Yadda Ake Koya wa Yara Baitin Gaskiya na Sa'adu Zungur

Malam Sa'adu Zungur ɗan Bauchi ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina da ta Yaba a Legas, ya yi gwagwarmayar siyasa tare da Malam Aminu Kano, ya rasu a 1958. A cikin waƙarsa ta "Arewa Jamhuriya ko Mulukiya" akwai baitin da kusan kowa ya haddace: "In za ka faɗi faɗi gaskiya, kome taka ja maka ka biya." Hadda ba wuya. Wuyar ita ce yaro ya yarda da rabin baitin na biyu, kuma can ne aikin malami ko mahaifi yake.

A fara da yara masu shekara tara zuwa sama, a zama na minti ashirin, bayan sallar isha'i a gida ko ƙarshen darasi a Islamiyya. Kada a wuce baiti biyu a zama ɗaya. Babba ya rera sau uku da murya a sake, yana jan amsa-amon "ya" da waƙar ke tafiya a kansa, yara su amsa, sannan a rubuta a allo su kwafa. Idan aka fara da rubutu kafin kunne ya kama karin, sai su karanta ta kamar labarin jarida, washegari ta gudu.

Daga nan a gaya musu, a taƙaice, wa yake yi wa magana. Kafin samun 'yancin kai ne, ana ta muhawarar tsarin mulki, shi kuwa yana jan kunnen sarakuna da talakawan Arewa su gyara halinsu. Ya kamata yara su san cewa mai wannan baiti manya ya fuskanta, a zamanin da hakan ke jawo wa mutum baƙin jini.

Sai a sauko da maganar ƙasa. Misali: an aiki yaro kasuwar Wunti ta Bauchi da naira dubu biyar, ya yi cefane, ragowar ɗari biyu ya sayi awara ya ci. Ya dawo, uwa ta ce ina canji. Tambaya biyu kawai za a yi wa ajin: in ya faɗi gaskiya me za ta ja masa, in kuma ya ce kaya sun yi tsada me zai biyo baya? A bar su su yi gardama, kada babba ya yi saurin yanke hukunci. Galibi su da kansu za su gano cewa ƙaryar tana bukatar wata ƙaryar gobe, ranar da aka aiki yayansa ya dawo da farashin gaske. A mako na gaba a ɗauko misalin mai awo da ya bubbuge gindin mudunsa, ko ɗalibin da ya ga abokinsa da takardar satar amsa.

Abin da ya fi rushe wannan darasi shi ne bulala. Yaro ya fasa tulu, ya zo da ƙafarsa ya faɗa, aka zane shi kamar wanda aka kama yana ɓoyewa, to an koya masa cewa gaskiya wauta ce. Dole ya biya, haka baitin ya ce, amma biyan ya yi daidai da laifin: ya share wurin, ya ɗebo ruwan ranar, a rage masa kuɗin tara na kwana biyu. A kuma faɗa masa ƙarara cewa an sassauta ne saboda bai ɓoye ba. Na biyu, uban da mai bin bashi ya yi sallama ya ce wa ɗansa "je ka ce ba na nan" ya goge karatun wata guda da bakinsa.

Akwai kuma yaron da zai ɗauki baitin a matsayin izinin tsegumi da tona asirin gida, yana cewa ai gaskiya ce. A nan a haɗa masa da hadisi na 15 cikin Arba'una Hadisi, wanda ya umurci mai imani ya faɗi alheri ko ya yi shiru. A bambance masa wuri uku da shiru bai halatta ba: in an tambaye shi laifin kansa, in an nemi shaidarsa, ko in wani zai cutu. Abin da ya ji a ɗakin kishiyar uwarsa ba ya cikinsu.