Yadda zaka ajiye karfasa a akwatin gilashi ba tare da sun mace maka ba

Duk wanda ya shigo ɗakina sai ya ja ya tsaya gaban akwatin gilashin nan, kuma tambayar ɗaya ce, wai Malam wannan ba karfasar kanal ba ce? Ita ce mana. Ni a yankin Kura nake, ruwan da ake sakowa daga dam ɗin Tiga ta bayan gonarmu yake wucewa, to me zai kai ni birni neman jan kifin ado mai tsada alhali ga ƴaƴan karfasa yara na kamawa da tsohon gidan sauro. Sai dai zubin farko guda 11 na saka, kafin kwana biyar duk sun juya ciki sama, saboda haka ka bi a hankali.

Fara da akwatin. Kar ka sayi ɗan tulun gilashin nan mai kama da ƙwallo, kyau kawai gare shi. Ka je wurin masu haɗa tagar alminiyom su yanka maka gilashi mai kaurin milimita 8, tsawo santimita 90, faɗi 40, tsayi 40, zai ci lita 144, kusan jarka shida kenan. Ka tsaya a kansu wurin silikon, wato gam ɗin manne gilashin, banda irin na banɗaki da ake sa wa maganin fumfuna, guba ne ga kifi. Ka bar shi kwana uku ya bushe, sannan ka cika shi a tsakar gida ya kwana, in zai yoyo gara ya yi a can da ya jiƙa wa uwargida kafet.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, in ka haɗa da gilashi da tsakuwa ya haura buhun masara ɗaya da rabi, don haka manta da teburin roba. Ni bulo na jera na ɗora katako mai kauri na shimfiɗa siririn soso a kai. Kuma nesa da taga, in rana na dukansa gansakuka zata rufe gilashin cikin sati biyu.

Tsakuwar rafi da zaka shimfiɗa a ƙasan akwatin ka wanke ta har ruwan ya daina jurwaye, ba sabulu ba omo, ko bokitin da aka taɓa wanki da shi kar ya matso. Ka jefa fasasshiyar tukunyar ƙasa ɗaya ko biyu su samu wurin ɓuya. Shuka kam kar ka wahalar da kanka, karfasa tono gare ta kamar kaza, da safe zaka tarar ta tumɓuke komai.

Ruwa: na rijiya ko na bohol duk suna yi, amma na bohol daga ƙarƙashin ƙasa ya fito ba iska sosai a cikinsa, ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen baho. In na famfo ne mai kulorin shi ma awa 24 a buɗe. Ruwan da ya biyo ta gonar shinkafa bayan an yi feshi kuwa ko kyauta aka kawo maka har gida a'a.

To ga inda na yi asarar guda 11 ɗin nan, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ranar da na cika akwatin ranar na juye kifi gaba ɗaya saboda ɗoki. Ashe kashin kifi da ragowar abinci suna zama wata guba da ake ce wa amoniya, ita kuma ƙona musu matattarar numfashi take yi, kuma ba zaka ganta ba, ruwan garai-garai kamar ka ɗiba ka sha amma kifin na mutuwa. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zama cikin soson filta, wato ɗan injin tace ruwan akwatin, da jikin tsakuwa, su ke juya amoniyar zuwa wani abu mai sauƙin illa, kuma kafin su yawaita sai an yi sati huɗu zuwa shida. Saboda haka ka kunna filta, ka fara da kifi biyu kacal kana ba su abinci ɗan mitsitsi kana yawan sauya ruwa, bayan wata ɗaya ka ƙara biyu. In ka san wani mai tsohon akwati roƙe shi ya matse maka sosonsa a naka, wannan baƙin ruwan da zaka ƙyamata shi ne maganin. Kuma in soson ya toshe a cikin ruwan da ka zuƙo daga akwatin zaka ɗauraye shi sama-sama, kar ka wanke shi tas.

Sai iska. Halin wutar nefa a ƙauye kowa ya sani, shi ya sa na sayi ɗan famfon hura iska cikin ruwa mai USB, da rana sola da dare fawa bank. In kaga da asuba duk sun taso sama suna buɗe baki to iska ta yi ƙaranci, abun ya fi tsanani a bazara wajen Afrilu don ruwan ɗumi baya riƙe iska kamar mai sanyi. In famfon ya tsaya babu wuta ɗauki moɗa ka riƙa ɗibar ruwan kana tsiyayo shi daga sama, yana taimakawa.

Kifin kansa ka zaɓi masu tsawon yatsa, huɗu ko biyar sun isa wannan akwatin don girma suke da sauri kuma namijin akwai neman faɗa in ya kama wuri. Ka sa ledar da ka kawo su ta yi yawo a saman ruwan minti 20, kana ɗan zuba mata ruwan akwatin, sannan ka tsamo su. Ƙaramin kurungu ɗaya zai zauna da su lafiya, yana tsince abun da ya faɗa ƙasa, ka dai kula da ƙayarsa. Tarwaɗa kuwa a'a, duk abun da ya shiga bakinta ta haɗiye, ga tsalle cikin dare. Murfi dai dole, mage ma na nan.

Abinci ƙwayar masu kiwon kifi mai yawo a sama, ƙaramar lamba, sau biyu a rana, iya abun da zasu cinye a minti biyu ko uku. Wani lokacin ganyen zogale ko latas, da damina shinge. Ka ja kunnen yara, autana ya taɓa gutsura musu tuwo wai tausayi suka ba shi, washegari ɗakin ba ya shiguwa don wari.

Duk sati ka zuƙe kwatan ruwan da tiyo, wajen jarka ɗaya da rabi, kana bin tsakuwa inda datti ke kwanciya, ka mayar da wanda ya kwana. Tsohon ruwan ka ba zogale ko yakuwa, taki ne. Kar ka taɓa juye shi duka lokaci ɗaya.

Hunturu shi ne babban abokin gaba. Karfasa tafi son ɗumin digiri 25 zuwa 30, in ya sauka ƙasa da 20 sai ta rage ci, in ya doshi 12 tana iya mutuwa. Disamba da Janairu in solarka zata ja hita to madalla, in ba haka ba rufe taga, lulluɓe akwatin da bargo da dare, rage abinci, kuma kar ka kuskura ka antaya tafasasshen ruwa wai zaka ɗumama su.

Saura fiya-fiya, wannan ita ta kashe min kurunguna na farko. Kafin a fesa maganin sauro a kashe famfon iska don iskar ɗakin yake turawa cikin ruwan, a rufe akwatin ruf da jiƙaƙƙen zani har warin ya fita.

Bayan kamar wata shida in kaga wata ta daina cin abinci maƙoshinta ya kumbura ta koma lungu, ba ciwo bane, ni har na ɗauko gishiri zan mata magani. Ƙwai ne a bakinta. Wajen kwana goma zuwa sati biyu zata furzo ƴaƴa kamar ɓurɓushin shinkafa, kana matso da hannu su ruga su koma bakin uwar. Ka tanadi baho na biyu tun yanzu don akwatin ba zai ɗauke su ba. Babban namijin nawa ya kusa tafin hannu, kuma jiya na ji uwargida na tambayar ko akwai sauran man gyaɗa.