Gudun zafin bazara zuwa tafkunan Jos: inda ake yin kuskure da yadda za a gyara

Da watan Maris ya kama har zuwa Mayu, zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ga rashin wuta, dare ma ba ya barin mutum ya runtsa. Lokacin ne matasa da magidanta kan haɗa kuɗin mai, su cika mota, su nufi Jos don su wuni a bakin ruwa su sha iska. Dabarar tana da tushe. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba, kuma duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Tsaunin Shere da ke gabashin garin ya kai mita 1,829. Sanyin yana nan yana jira. Abin da ke ɓata tafiyar, wani lokaci har ya mayar da ita zaman makoki, shi ne yadda muke ɗauko halayen gida mu kai su inda ba su dace ba.

Kuskuren farko tun a gida ake yin sa: lissafin hanya. Daga Bauchi tafiyar wuni ɗaya ce ta gaske, awa biyu ka shiga Jos. Daga Kano ko Abuja kuwa nisan ya kusa kilomita 300, kuma ramuka da shingayen bincike suna cin lokaci. Wanda ya tashi da hantsi zai isa bayan azahar a gajiye, ya yi awa biyu, ya kamo hanya da dare. Gyaran shi ne a tashi da an idar da sallar asuba, a kuma yanke tun farko cewa tun kafin la'asar an juyo, yadda dare ba zai yi a hanya ba. In hakan ba zai yiwu ba, a kwana kawai. Kuɗin masauki bai kai wahalar ratsa dajin Falgore cikin duhu ba.

Sai motar kanta. Mai zuwa ta Akwanga sai ya hau Hawan Kibo, kuma hawan nan yana tona asirin duk motar da ruwan lagiretonta bai cika ba. Saukowa ta fi haɗari. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya yakan ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. A sa ƙaramar giya, injin ya riƙe motar, a bar wa tirela tazara mai yawa. A duba birki da tayoyi da safaya kwana ɗaya kafin tafiya.

Yanzu ga babban lamarin, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan. Yawancin ruwayen da za ka gani kwance a kewayen Jos da Bukuru da Barikin Ladi, masu kyan launi da natsuwa, ba tafkunan asali ba ne. Ramukan haƙar kuza ne. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka riƙa yashe ƙasar nan da manyan injuna, da aikin ya ja baya aka bar ramukan, ruwan sama da na ƙasa suka cika su. Tafkin Rayfield da ake zuwa shaƙatawa ma asalinsa ke nan. Mu da muka tashi muna wanka a kududdufi ko a yashin kogi mun saba da ruwan da ke zurfafa a hankali: idon sawu, gwiwa, ƙugu, ka ga alama ka tsaya. Ramin kuza ba haka yake ba. Bakinsa a yanke yake kamar rijiya. Taku biyu ruwa na gwiwa, na uku babu ƙasa. Gefen kuma laka ce mai santsi da ke zubewa in an kama ta, don haka wanda ya zame ba ya samun abin dafawa.

Akwai kuma sanyin ruwan. Rana tana ɗumama saman ne kawai, ƙasa kuwa da sanyi sosai. Mutum ya fito daga mota jikinsa a gashe, ya yi tsalle ya faɗa, numfashinsa ya sarƙe, ya shaƙi ruwa tun kafin ya motsa hannu. Gwanin iyo ma wannan yana kama shi. Sau da yawa kuma ba mutum ɗaya ake rasawa ba, domin ɗan'uwa yana ganin ɗan'uwansa na nutsewa zai bi shi, wanda ke nutsewar ya ƙanƙame shi su tafi tare.

Shawarata a nan ba ta da sassauci: kada a shiga ramin kuza da sunan wanka, ko da an ga yaran unguwa suna yi. Su sun san inda dutse yake da inda rami yake, kai baƙo ne. In ana son taɓa ruwa, a je inda ake da masu kula da wurin, a hau kwalekwale da rigar hana nutsewa a jiki, a ɗaure ta, kada a riƙe a hannu. In mai jirgi ya ce babu riga, a haƙura. In wani ya faɗa, a miƙa masa doguwar sanda, ko igiya, ko rawani, ko a jefa masa jarkar da babu komai a ciki an rufe bakinta, mai ceton yana kwance a kan tudu. Yara kuwa a ba babba ɗaya aikin kallonsu shi kaɗai, ba ya hira, ba ya duba waya, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki. Masu ɗaukar hoto su ja baya daga gaɓa, don ƙasar wurin tana iya burmawa.

Ruwan nan kuma ba na sha ba ne, komai haskensa, saboda ragowar ma'adinan da ke cikinsa. Kwantaccen ruwa yana iya ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ke shiga ta fata. A taho da ruwan sha da na alwala daga gari.

Wani kuskuren shi ne shiga irin ta Kano: 'yar shara da silifa. Iskar tudu tana ruɗin mutum ya zauna a rana bai ji ba, alhali ƙarfin hasken rana yana ƙaruwa ne da hawa sama, ƙishirwa ma ba ta sanar da kanta. A sa hula, a riƙa kurɓar ruwa. Damina tana riga isa Jos, tun a Afrilu hadari kan haɗu da yamma cikin ɗan lokaci, da tsawa, wani sa'in har da ƙanƙara. Da an ji rugugin farko a bar bakin ruwa da kan duwatsu, a shiga mota, kada a fake ƙarƙashin bishiya. Rigar sanyi ɗaya ga kowane yaro da takalmi mai kama ƙasa sun wadatar.

Game da wuraren da ke wajen gari, irin su tafkunan Kurra a yankin Barikin Ladi, da aka tare don samar da wutar lantarki ga kamfanonin haƙar ma'adinai, ko tafkin bakin dutsen aman wuta da ke Ampang a ƙaramar hukumar Mangu, kuskure ne a bi taswirar waya kawai a faɗa. Wasu ƙauyukan Filato sun sha fama da rikici, kuma yanayi yana canzawa daga mako zuwa mako. A kira wanda ke zaune a Jos a daren da za a tashi, a tambaye shi hanya da halin da ake ciki. In an isa, a yi sallama da mutanen wurin, a nemi izini, a ɗauki ɗan jagora a sallame shi da kyau. Wasu ruwayen suna da alfarma a al'adar masu su, wasu kuma, kamar madatsar Lamingo, ruwan shan gari ne. Kada a taka gonar dankali ko ta kabeji don neman gajeriyar hanya, kuma ledoji da robobin da aka zo da su a tattara a buhu a mayar cikin mota.