Yadda Ake Binciken Rukunin MICOS a Mitokondiriyar Yisti da ta Dabbobi

Mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwayar halitta makamashi, tana da tantani biyu, na waje da na ciki. Tantanin ciki ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Yana lanƙwashewa ya shiga ciki ninki-ninki, su ne ake kira kiristi, kowanne kuma yana haɗe da gefe ta wani siririn wuya. Rukunin furotin da ke riƙe da wannan wuya shi ne MICOS. A 2011 aka gano shi a yisti, a 2014 kuma masana suka amince da suna ɗaya. A yisti yana da sassa 6 da suka kasu gida biyu: Mic60 da Mic19 a gefe ɗaya, sai Mic10, Mic12, Mic26 da Mic27 a ɗaya gefen. A ƙwayoyin ɗan Adam akwai ƙarin MIC25, MIC13 kuma shi ke tsayawa a gurbin Mic12.

Aiki na farko shi ne renon yisti, kuma nan ne da yawa ke yin kuskure tun ba a je ko'ina ba. Kada a rene shi a gulukos. Yisti idan ya samu gulukos sai ya koma ruɓar da sukari, ya rage gina mitokondiriya, kiristi su yi ƙaranci. A yi amfani da abinci mai gilisarol 3%, fefton 2% da tsamen yisti 1%, a zafin 30°C, a girbe lokacin da kaurin ruwan ya kai tsakanin 1 da 2 a ma'aunin OD600, mai auna yawan ƙwayoyi ta hasken da ke ratsa ruwan. Koyaushe a rena irin da ba a taɓa ba tare da wanda aka cire wa ƙwayar gadon MIC60 ko MIC10, a rana ɗaya, a abinci ɗaya.

Bayan girbi a jiƙa ƙwayoyin a Tris mai pH 9.4 da DTT 10 mM na minti 20 don bangonsu ya yi laushi. Sai a narkar da bangon da zaimoliyes, sinadarin enzayim mai cin bangon yisti, kamar miligiram 3 ga kowane giram na ƙwayoyi, cikin sobitol 1.2 M. Ga gwaji mai sauƙi: a ɗiga kaɗan a ruwa zalla, idan ruwan ya washe, bango ya tafi. Daga nan komai a kan ƙanƙara. A murje su a tulun gilashi na Dounce sau 15 cikin sobitol 0.6 M da PMSF 1 mM mai hana furotin lalacewa, a juya a na'urar santirifuj da ƙarfin juyi 1,500 g don zubar da tarkace, a sake juya ruwan saman a 12,000 g na minti 15. Dunƙule mai launin ruwan ƙasa da ya kwanta a gindin kwalba shi ne mitokondiriya.

Wurin da ya fi buƙatar hankali shi ne narkar da tantani. Dijitonin 1%, wani sinadari mai kama da sabulu mara ƙarfi, ake so, domin yana ɓanɓaro rukunin ba tare da ya wargaza shi ba. Triton X-100 ya yi ƙarfi, zai raba sassan, mutum ya ɗauka babu haɗi alhali shi ya tsinka shi. Dijitonin kan bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka duk sabuwar da aka buɗe a gwada ta tukuna. A tura samfurin a jel ɗin BN-PAGE mai 4 zuwa 13%, wanda ke raba rukunan furotin bisa girmansu ba tare da ya wargaza su ba, a cikin sanyi. Mic10 kan fito kamar matakala, layi bisa layi, saboda yana haɗuwa da 'yan uwansa ya lanƙwasa tantani, kitsen kadiyolifin kuma na ƙarfafa wannan haɗuwa.

Jel kaɗai bai isa hujja ba. Sai an duba da madubin lantarki, wato na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da elektron. A tsayar da siffar yisti da sinadarin gulutaraldihaid, a bi da famanganet, a yanka siriri kamar nanomita 70. A irin da ya rasa Mic60 za a ga kiristi sun tsinke daga gefe, sun jeru a tsakiya kamar faranti bisa faranti, wuyan nan babu shi. A ƙirga wuya a yanka masu yawa, kuma zai fi kyau mai ƙirgar bai san wane iri yake dubawa ba. A kula: cire ƙananan sassan e ko g na ATP sintes, furotin mai samar da makamashi, shi ma yana ɓata kiristi, su nannaɗe kamar albasa, amma dalilin daban ne, don su bakin ninkin suke lanƙwasawa, ba wuyan ba.

A ƙwayoyin dabbobi kamar HeLa ko HEK293, babu bango, don haka ba a buƙatar zaimoliyes. Rage MIC60 yana jan sauran sassan ƙasa gaba ɗaya, rasa MIC13 kuwa MIC10, MIC26 da MIC27 yake durƙusarwa, ya bar MIC60 da MIC19. Shi ya sa bai kamata a auna furotin ɗaya a yanke hukunci ba, a auna dukkansu. A jel za a ga wani layi mafi nauyi a sama, wato babban rukunin MIB, inda MICOS ya kama furotin SAM50 na tantanin waje. Matsalar ba ta tsaya a ɗakin gwaji ba: an samu jarirai masu lalacewar MIC13 da ke fama da ciwon ƙwaƙwalwa da na hanta, kuma a ƙwayoyin fatarsu da aka rena an ga kiristi sun lalace.