Yadda na gyara ma'ajiyar hotuna da ke kasa sake haɗa faifai

Akwatin NAS ne, wato na'urar ajiye bayanai da kwamfutoci ke shiga ta hanyar sadarwa, mai gurbin faifai biyu, a ɗakin ɗaukar hoto a Maradi, cike da hotunan bukukuwa. Faifai ɗaya ya mutu, aka sa sabo, haɗawar RAID 1 (tsarin da faifai biyu ke riƙe kwafin bayanai iri ɗaya) ta riƙa tsayawa a tsakiya, akwatin yana korar faifan.

Sabon faifan nau'in SMR ne. Irinsa yana jera layukan rubutu kan juna, don haka idan aka daɗe ana zuba masa bayanai sai ya tsaya gyaran ciki, akwatin ya ɗauka ya mutu. Na kwashe komai zuwa faifan USB tukuna, sannan na sa biyu na CMR, nau'in da layukansa ba sa hawa kan juna, 8TB kowanne. WD Red Plus da IronWolf duk CMR ne. A duba lambar samfurin kafin biyan kuɗi.

Fili 8TB ne, ba 16 ba, domin kowane faifai kwafin ɗayan ne. Hoton RAW (ɗanyen hoto yadda ya fito daga kyamara) mai 30MB, za a samu sama da 250,000.

Saboda ɗaukewar wuta na haɗa UPS (na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci) ta USB, akwatin ya kashe kansa lafiya. A watan Afrilu a lura kada zafin faifai ya wuce digiri 45, a kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar. Faifan USB ɗin kuma yana kwana a wani gida, domin hoton da aka goge yana gogewa a faifan biyu lokaci ɗaya.