Kurakuran da ake yawan yi wajen koya wa yara awon kiɗa

Tun daga 2019 da aka sauya manhajar firamare a Gana, malamai da dama a unguwannin Nima da Mamobi na birnin Accra sun tsinci kansu suna koyar da kiɗa da waƙa a cikin darasin fasaha, alhali ba fanninsu ba ne. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lambobin nan biyu, ɗaya bisa ɗaya, da ake rubutawa a farkon layin waƙa, kamar 4/4 da 3/4 da 6/8.

Babban kuskure shi ne fara darasi da lambobin. Yaron da ya fito daga darasin lissafi, idan ya ga 6/8 a allo, nan take zai rage shi ya koma 3/4, kuma ba laifinsa ba ne, domin haka aka koya masa da safe. A kiɗa kuwa abubuwa biyu ne mabambanta, ko da yake kowannensu yana ɗauke da ƙananan bugu shida a gaɓa guda, wato zagaye ɗaya na awon. A 3/4 ana raba shidan biyu-biyu, sai a sami manyan bugu uku, nauyi ya sauka a kan ɗaya da uku da biyar. A 6/8 ana raba su uku-uku, manyan bugu biyu ke nan, nauyi a kan ɗaya da huɗu. Gyaran shi ne malam ya ajiye alli, ya tayar da yara tsaye suna ƙirga ɗaya zuwa shida ba tsayawa, rabin aji na tafi a kan ɗaya, uku, biyar, sauran na buga ƙafa a kan ɗaya da huɗu, sannan a yi musanya. Sai kunne ya rarrabe su kafin a rubuta komai, ko da hakan zai cinye mako biyu.

Daga nan ake faɗawa kuskure na biyu, wato gaya wa yara cewa lambar sama ita ce yawan bugu a koyaushe. Maganar ta yi daidai a 2/4 da 3/4 da 4/4, amma 6/8 bugu biyu ne, 12/8 kuma huɗu, kuma wanda aka ɗora a kan waccan ƙa'ida zai riƙa ƙirga shida a guje har numfashinsa ya ƙare. Haka nan lambobin ba sa nuna sauri. Ana iya rera 2/4 a hankali, a rera 4/4 da gaggawa.

Akwai kuma haɗa bugun awo da salon kalmomi. Idan aka ce yara su tafa wa waƙa, yawancinsu gaɓoɓin kalmomi suke tafawa, malam kuma ya yaba musu. Bugun awo shi ne wanda ba ya sauyawa ko da mai waƙa ya ja murya ko ya yi shiru. A bar ƙafa ta riƙe shi, hannu ya bi kalmomi. 'Yan matan da ke wasan ampe, wato na tsalle da tafi, lokacin tara sun riga sun iya wannan, suna ne kawai ba su san shi da shi ba. Inda iyaye ba sa son ganga a makaranta, kuma akwai su da yawa a Zango, tafi da taku sun wadatar, ƙasidun Maulidi ma suna da karinsu tsayayye da za a iya aunawa.

Kuskuren da ya fi ɓata kunnen yaranmu, a ganina, shi ne dagewa a kan cewa kowane bugun awo dole a ji ƙararsa. Littattafan Turai haka suke farawa, kuma ya dace da faretin soja, amma kiɗan ƙasar nan ba haka yake tafiya ba. Marigayi Farfesa Kwabena Nketia na Jami'ar Gana da ke Legon, wanda ya rasu a 2019, ya yi bayanin yadda kuge yake zama ma'aunin da sauran makaɗa ke jingina da shi. A kpanlogo, kiɗan rawa na ƙabilar Ga, kugen yana bugawa sau biyar a kowane zagaye mai manyan bugu huɗu, kuma biyu kaɗai daga cikin biyar ɗin ke haɗuwa da taku. A agbadza, kiɗan rawa na ƙabilar Ewe, wanda ake rubutawa da 12/8, bugun kuge bakwai ne, biyu ne nan ma suke sauka tare da ƙafa. Malamin da ya sa yara neman awo a cikin ƙarar kuge zai ruɗa su, har ya ɗauka ba su da kunne. Ya nuna musu ƙafafun masu rawa, ya sa su taka huɗu-huɗu har takun ya zauna, sannan ya ɗauki cokali da kwalba ya shigo da salon kugen a kai, da sannu tukuna. Duk wanda takunsa ya karkata ya bi kwalbar, a dakatar da kwalbar a mayar da shi ga ƙirga huɗu.