Darasi na 7: Yadda za ka haɗa rumfar kwana a jikin motarka

Duk wanda ya taɓa kwana a cikin mota ya san yadda ake tashi, wuya ya sage, ƙafa ta yi tsami, ka rufe gilas zafi ya dame ka, ka buɗe kuma sauro ya ce ga shi nan. To a darasin yau za mu koyi yadda ake kafa rumfa a jikin motar, ka shimfiɗa tabarmarka ka miƙe sosai. Abin ba wuya, don motar ta riga ta yi maka rabin aikin, ita ce bangonka kuma ita ce ginshiƙinka na gefe ɗaya. Saura gefe ɗaya kawai za ka tayar.

Kayan da za ka tanada

Tamfol shi ne gaba da komai. Mai mita 3 da mita 3 ya ishi mutum biyu da ɗan kayansu, in kuna da yawa ka nemi mai mita 3 da 4. Ka duba bakinsa kafin ka ɗauka, ka ga akwai ramukan nan masu zoben ƙarfe da ake zura igiya, mu za mu riƙa ce musu ido a wannan darasi. Sai sanduna biyu masu tsawon kamar mita 2, gora ko icce miƙaƙƙe duk sun yi, ka buga ƙusa a kan kowace ka bar kamar rabin yatsa a waje, ita za ta shiga idon tamfol. Igiya ka samu kamar mita 25 ka yanka gida shida ko bakwai, in ta leda ce ka ɗan ƙona bakin kowace da ashana don kar ta warware. Turaku shida, guntayen rodi masu tsawon santimita 30 da aka lanƙwasa kansu sun fi komai. Guduma, tsofaffin tsummoki, da 'yan yankakkun robar tiyub. Shi ke nan.

Inda za ka tsayar da motar

Mutane da yawa suna fara ciro tamfol tun kafin su duba wuri, alhali rabin rumfar da ta lalace tun a nan ta lalace. Ka fito ka tsaya, ka ɗebi ɗan yashi ka sake shi ka ga ina iska take kai shi. Motar za ka sa ta tare iskar, rumfa ta zauna a gefen da iska ba ta bugowa, in ka yi akasin haka iska ta shiga ƙarƙashin tamfol to sai dai ka bi shi da gudu. Kar ka sauka a kwari ko a cikin rafin da ya ƙafe ko da yashinsa ya yi maka laushi, ruwa yana iya sauka can nesa inda ba ka gani ya taho da dare. Ka ɗaga kai kuma ka duba ko akwai busasshen reshe a samanka. In wuri ya yi, ka ja birkin hannu, ka kashe motar, ka bar ta a giya, sannan ka sa dutse a gaba da bayan taya ɗaya.

Ɗaurewa a jikin mota

In motarka tana da kariya, wato ƙarfen ɗora kaya, a sama ka huta, ka ɗaure ido uku ko huɗu na gefe ɗaya a jikin ƙarfen kariyar kawai. In babu kariya, ga dabarar da na fi so. Ka shimfiɗa tsumma a kan rufin motar don kar tamfol ya goge fenti, ƙura ce ke shiga tsakani ta yi ta cin fentin duk lokacin da iska ta kaɗa. Ka ɗora bakin tamfol a kan rufin ya hau kamar rabin mita, ka ɗaura igiya a kusurwoyinsa biyu, ka jefa su ɗaya gefen motar, ka zagaya ka ɗaure ɗaya a wilin gaba ɗaya a na baya. A jikin ƙarfen wilin ta waje fa, kar ka zura hannu can ciki inda bututun birki yake, kuma in daga doguwar tafiya kuka tsaya ka bari ya huce tukuna. Madubi, hannun ƙofa da waifa, waɗannan ba wurin ɗaure igiya ba ne, ba a yi su don ja ba.

Wasu suna maƙale igiya a ƙofa su rufe. Tana riƙewa kam, amma ruwa yana bin igiyar ya wuce robar ƙofa ya jiƙa kujera, ni ba na yi.

Yanzu ka ja tamfol ɗin ya miƙe, ka sa ƙusar sanda a idon kusurwa, ka zarga igiya biyu a kan ƙusar, ɗaya ta tafi gaba ɗaya ta tafi gefe. Turke kar ka kafa shi a tsaye cak. Ka kishingiɗar da shi, kansa yana kallon waje yana gudun rumfar, tsininsa yana nuna cikinta, rabin hanya tsakanin tsaye da kwance, abin da masu lissafi ke kira digiri 45. Nisansa da gindin sanda kamar taku biyu. In yashi ne turke ba ya kamawa, sai ka ɗaura igiyar a tsakiyar guntun icce ka binne shi a kwance, ko ka cika buhu da yashi ka ɗaure a jikinsa. Tsakanin igiya da turke ka sa zoben robar tiyub, ita ce za ta riƙa shanye fizgar iska, in ba haka ba idon tamfol ne zai sha, kuma shi yagewa yake yi.

Gangare, a nan aikin yake

Ranar da na fara kafa irin wannan rumfa na ja ta ta yi sumul kamar tebur, har na koma gefe ina kallo ina jin daɗi. Cikin dare ruwa ya sauko. Na farka na haska tocila sai na ga tamfol ya yi ciki ya sauko har ya kusa taɓa fuskata, na miƙa hannu in tura shi sama, kafin in taɓa ido ɗaya ya yage, sanda ta faɗi, ruwan nan gaba ɗaya ya juye a kan bargona da jakar kayana. Sauran daren a kujerar direba na ƙarasa shi, wurin da na gudo.

Mu yi lissafin tare, ku ɗauki biro. Tamfol mai mita 3 da 3 faɗinsa murabba'in mita 9 ke nan. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita ɗaya lita 1 ne, kuma lita 1 ta ruwa nauyinta kilo 1. To in aka yi ruwa na milimita 10, wanda ba wani babban ruwa ba ne, lita 90 ta sauka a kan tamfol ɗinka, kilo 90, ya fi nauyin wani ƙaton. In bai samu hanyar wucewa ba zama zai yi. Ku gwada da kanku, mai mita 3 da 4 fa, lita nawa zai tara?

Saboda haka gefe ɗaya dole ya fi ɗaya ƙasa, aƙalla da santimita 30, in hadari ya haɗu ka ƙara. In motarka doguwa ce irin bas ko jif abin da sauƙi, sandunan su gaza rufin motar, ruwa ya gangara waje. Ƙaramar mota ce ke da rigima don rufinta bai kai kan mutum ba, kamar mita ɗaya da rabi ne, sandunanka sun fi ta tsawo ruwa zai nufo motar ya zubo daidai ƙofa. Da rana ba komai, ka bar ta a sama ka sha iska. Amma in za ka kwanta ka cire sanda ɗaya ka ja wannan kusurwar ƙasa ka ɗaure ta kusa da turke, ruwa duk zai bi can, ai a kwance ba ka buƙatar tsawo.

In ido ya yage kar ka huda tamfol da wuƙa. Ka samu ɗan dutse mai santsi kamar ƙwan tantabara, ka sa shi ta ciki, ka dunƙule tamfol a kansa ka zarge wuyan da igiya. Wannan ɗaurin sau da yawa ya fi idon asali ƙarfi, kuma ko'ina a jikin tamfol za ka iya yin sa.

Hayaƙi

Wannan ku karanta shi sau biyu. Kar a tayar da injin mota ana cikin rumfar, ko don cajin waya ko don sanyi. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, mai barci ba ya jin komai sai dai a wayi gari ba shi. Gawayi ma yana fitar da ita, haka risho da janareta, kuma in ka rufe gefunan rumfa da zani saboda sanyi to ka mai da ita ɗaki. Girki a waje, janareta can nesa ta inda iska za ta tafi da hayaƙinsa. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya in sun kama mutum, a fitar da shi fili nan take a nemi asibiti. Tamfol na leda kuma yana narkewa in ya taɓa salansa mai zafi, ka lura da wannan in ta bayan mota ka kafa.

Ƙofar da ka bari a buɗe tana barin fitilar ciki a kunne har ta shanye batir, ka kashe ta da hannu.

Kwancewa

Ka fara da sanduna, sannan turaku, ka ƙirga su shida kafin ka sa a jaka don wanda ka manta a ƙasa tayar wani zai fasa. Tamfol in ya jiƙe ka shanya shi ya bushe kafin ka naɗe, in ba lokaci to da ka isa ka baza shi, in ba haka ba fumfuna ta kama shi ya yi ta wari. Abu na ƙarshe tun daren jiya ake yin sa: da ka gama ɗaure igiya a wili, ka ɗaura jan tsumma a sitiyari. Da safe duk wanda ya shiga da makulli a hannu zai ga tsumman, kuma ba za a kwance shi ba sai an zagaya motar an ga babu sauran igiya a jikin taya.